Francis Xavier, Waliyyin Da Gawarsa Ba Ta Huta Ba

Ranar 21 ga Nuwamban 2024, a tsohon birnin Goa da ke gaɓar yammacin Indiya, aka sauko da wani akwatin gilashi daga ma'ajiyarsa a majami'ar Bom Jesus, aka tsallaka titi da shi cikin jerin gwano zuwa babbar majami'ar Se. A cikin akwatin akwai busasshen jikin wani mutum da ya rasu shekara 472 kafin wannan rana, sanye da kayan limaman Katolika. Daga nan har zuwa 5 ga Janairun 2025 jama'a ba su daina kwarara ba. Wasu a ƙafa suka zo daga jihohin Maharashtra da Karnataka, suka yi sa'o'i a layi don su sumbaci gilashin na ɗan lokaci kaɗan su wuce. Cikinsu har da mabiya addinin Hindu da Musulmi. Wannan ne karo na 18 da aka fito da jikin bainar jama'a tun daga 1782. Mai jikin shi ne Francis Xavier, wanda mutanen Goa ke kira Goencho Saib, wato maigidan Goa, duk kuwa da cewa zamansa a garin, in aka haɗa shi wuri guda, bai kai shekara biyu ba.

An haife shi ranar 7 ga Afrilun 1506 a gidan sarautar Xavier, cikin ƙaramar daular Navarre da ke tsakanin Sifaniya da Faransa. Shi ne auta. Mahaifinsa, Juan de Jasso, babban mashawarcin sarki ne, mahaifiyarsa María de Azpilcueta kuma ita ce ta gaji gidan. Yana da shekara shida Sarki Ferdinand ya mamaye Navarre. Uban ya rasu a 1515, a shekarar da ta biyo baya kuma sababbin masu mulki suka rushe ganuwar gidan, suka cike gwalalonsa, don hukunta dangin da suka ƙi miƙa wuya. Yaron ya tashi yana kallon kufan arzikin gidansu. Yayyensa maza biyu sun ɗauki makami, kuma a yaƙin Pamplona na 1521 suna cikin ɓangaren da harsashin igwarsa ya farfasa ƙafar wani sojan Sifaniya mai suna Ignatius na Loyola.

A 1525 Francis ya tafi Paris karatu, ya sauka a kwalejin Sainte-Barbe. Saurayi ne mai ji da kansa, gwanin tsalle a filin wasa, mai kashe kuɗi fiye da abin da gida ke iya aikowa. Burinsa a fili yake: ya samu babban muƙami a coci ya farfaɗo da sunan gidansu. Har takardar shaidar asali ya nema daga hukuma don ya tabbatar da cewa shi jinin sarauta ne. A 1529 aka haɗa shi ɗaki da wannan tsohon soja mai ɗingishi, Ignatius, wanda ya girme shi da shekara 15. Da farko ba'a Francis yake yi masa. Ignatius bai yi gaggawa ba. Ya riƙa turo masa ɗalibai bayan ya fara koyar da falsafa, in aljihunsa ya bushe kuma ya rufa masa asiri. Sai da aka ɗauki shekaru kafin ya shawo kansa. Ranar 15 ga Agustan 1534 su bakwai suka haɗu a wata 'yar majami'a a tudun Montmartre suka ɗauki alkawarin talauci da kame kai daga aure. Daga wannan zama ne ƙungiyar Jesuit ta samo asali, wadda Paparoma Paul na Uku ya amince da ita a 1540. An naɗa Francis limami a Venice ranar 24 ga Yunin 1537.

Tafiyarsa gabas ba da shi aka tsara ta ba. Sarkin Fotugal, John na Uku, ya nemi masu wa'azi don yankunan da ƙasarsa ta kama a Indiya, aka zaɓi mutum biyu, sai ɗayansu, Nicolás Bobadilla, ya kwanta ciwo ana gab da tashi. Francis a lokacin shi ne magatakardan Ignatius a Roma, aikinsa rubuta wasiƙu. Aka ce masa ya maye gurbin. Ya ɗinke tsohuwar rigarsa, washegari, cikin watan Maris na 1540, ya bi jakadan Fotugal ya bar Roma. Shi da Ignatius ba su sake ganin juna ba.

Jirgin ruwan Santiago ya tashi daga Lisbon ranar 7 ga Afrilun 1541, ranar da ya cika shekara 35, yana riƙe da takardar naɗi a matsayin jakadan Paparoma a ƙasashen gabas. Tafiyar ta ci wata goma sha uku. Kusan rabin shekara suka yi a tsibirin Mozambik suna jiran iska, yana jinyar marasa lafiya har shi ma zazzaɓi ya kayar da shi. Sun yada zango a Malindi, a gaɓar Kenya ta yau, garin Musulmi da ke ƙawance da Fotugal, inda ya binne wani da ya rasu a jirgi, ya kuma yi muhawara da wasu manyan garin. Ranar 6 ga Mayun 1542 ya sauka Goa.

Abin da ya tarar a can bai yi masa daɗi ba. Turawan Fotugal sun shagala da fatauci da ƙwaraƙwarai da cinikin bayi, addini ya zama na baka. Ya tare a asibiti, yana zagaya gidan yari da wurin kutare, da yamma kuma ya bi tituna yana kaɗa 'yar ƙararrawa, yara su biyo shi zuwa majami'a, ya koya musu addu'o'i cikin rera murya don su zauna musu a ka. Bayan wata biyar ya gangara kudu, zuwa gaɓar masu nutso neman lu'ulu'u, 'yan ƙabilar Parava. Waɗannan mutane sun karɓi baftisma wasu shekaru kafin zuwansa don su samu kariyar jiragen yaƙin Fotugal daga abokan hamayyarsu na ciniki, amma ba wanda ya koya musu komai. Francis ba ya jin Tamil. Ya tara masu ɗan jin harshen Fotugal suka fassara masa shahadar bangaskiya da Dokoki Goma da 'yan addu'o'i, ya haddace su da ka, ya shiga ƙauye-ƙauye yana maimaitawa. A wasiƙunsa ya ambaci yadda hannunsa kan gaji saboda yawan yin baftisma, kuma a Travancore, ƙarshen 1544, ya ba da lissafin mutum sama da dubu goma a cikin wata guda. Wannan hannu na dama ne zai zama abin nema bayan rasuwarsa.

Akwai ɓangaren tarihinsa da masu yabonsa kan yi saurin wucewa. Francis mutumin zamaninsa ne, mai tsananin ra'ayi a kan duk wanda ba ya bin addininsa. Da bakinsa ya ba da labarin yadda yake tura yara su farfasa gumakan ƙauye, ya kuma yi wa malaman Hindu, 'yan Brahmin, kalamai masu zafi. A 1546 ya rubuta wa Sarkin Fotugal yana roƙon a kafa kotun binciken aƙida a Indiya, don hukunta waɗanda suka shiga Kiristanci a fili suna bin Yahudanci ko Musulunci a ɓoye. Ba a kafa kotun ba sai a 1560, shekara takwas bayan mutuwarsa, kuma ba shi da hannu a azabar da ta gana wa mutane tsawon ƙarni biyu da rabi, amma wasiƙar tana nan, kuma har yau ita ce abin da masu sukarsa a Indiya suke fara ɗagowa. A gefe guda, cikin wasiƙun nasa ne kuma ake samun kakkausar suka ga jami'an sarki masu wawure dukiyar talakawa, har ya gargaɗi sarkin kansa cewa za a tambaye shi a gaban Allah a kan abin da wakilansa suke aikatawa.

Bai iya zama wuri ɗaya ba. A 1545 ya ziyarci Mylapore, inda ake cewa nan kabarin Manzo Toma yake, daga nan ya wuce Malaka, a ƙasar Malesiya ta yau, sannan tsibiran kanumfari na Maluku, inda ya yi sama da shekara. Wasiƙa daga Roma takan yi shekara ko fiye kafin ta iske shi. Saboda kewar abokansa, sai ya riƙa yanke sa hannunsu daga ƙasan wasiƙu yana adanawa. A wuyansa yana rataye da wata 'yar batta, a cikinta akwai sa hannun Ignatius, da rubutun alkawarin da ya ɗauka, da ɗan guntun ƙashi da ake dangantawa da Manzo Toma. Wato shi kansa mai neman tubarraki ne da ragowar jikin waliyyai, kamar sauran Katolikan zamaninsa.

A Malaka, cikin Disambar 1547, ya haɗu da wani Bajapane mai suna Anjiro, wanda ya gudo daga ƙasarsu bayan ya yi kisan kai. Labarin da Anjiro ya ba shi ya sa ya ƙudurta zuwa Japan. Sun sauka Kagoshima ranar 15 ga Agustan 1549, tare da Cosme de Torres da Juan Fernández. A nan ne ya ci karo da mutanen da ba a burge su da yawan baftisma, masu tambaya da neman hujja. Harshe ya ba shi wahala ƙwarai. Ya daɗe yana kiran Ubangiji da sunan Dainichi bisa shawarar Anjiro, malaman addinin Buddha suna maraba da shi, kafin ya gane cewa sunan wani abin bautarsu ne, ya koma amfani da kalmar Latin. Cikin tsananin hunturu ya taka zuwa Kyoto don ganin sarkin sarakuna, ya tarar yaƙi ya ɗaiɗaita birnin, sarkin ba shi da iko, kuma ba a barin mai tsumma ya kusanci fada. Darasin ya shige shi. Da ya koma Yamaguchi sai ya yi shigar alfarma, ya gabatar da kansa a matsayin jakada, ya miƙa wa mai mulkin garin, Ouchi Yoshitaka, kyaututtuka da suka haɗa da agogo da tabarau da bindiga, nan take aka ba shi izinin wa'azi da wurin zama. Ya bar Japan a ƙarshen 1551. Kiristocin da ya bari ba su wuce dubu ɗaya ko biyu ba.

Japanawa sun sha tambayarsa yadda addininsa zai zama gaskiya alhali mutanen Sin, waɗanda suke ɗauka a matsayin tushen ilimi, ba su san shi ba. Wannan tambaya ce ta kai shi ga ajalinsa. Daular Ming ta rufe ƙofa ga baƙi, wanda aka kama ya shiga ba izini kurkuku ne makomarsa. Dabarar da ya yi ita ce a naɗa abokinsa, attajiri Diogo Pereira, jakadan Fotugal zuwa fadar Sin, shi kuma ya bi ayarin. Wakilin sarki a Goa ya amince, aka sayi kyaututtuka, aka tashi a Afrilun 1552. Amma a Malaka babban jami'in tashar jiragen ruwa, Álvaro de Ataíde, ɗan shahararren matuƙin nan Vasco da Gama, ya ce ba wani ɗan kasuwa da zai tafi jakadanci ta ƙarƙashinsa. Takardun Goa ba su yi aiki ba. Francis, wanda bai saba nuna takardar naɗinsa ta jakadan Paparoma ba, ya yi barazana da ita, ita ma ba ta yi aiki ba. Hassadar jami'i ɗaya ta rusa shirin da aka daɗe ana ƙullawa. An bar jirgin Santa Cruz ya tafi, amma ba jakada.

A ƙarshen Agusta ya isa Shangchuan, wani tsibiri kusa da gaɓar Sin inda 'yan kasuwar Fotugal ke cinikin fasa-ƙwauri cikin bukkokin ciyawa. Ya yi ciniki da wani ɗan kasuwar Sin zai shigar da shi birnin Canton a ɓoye, a biya shi da masoro. Ranar alkawari ta zo a watan Nuwamba, mutumin bai zo ba. Jiragen Fotugal suka watse ɗaya bayan ɗaya, sanyi ya sauko, abinci ya yi ƙaranci. Zazzaɓi ya kama shi, aka tsaga masa jijiya aka zubar da jini kamar yadda likitancin lokacin ya tanada, abin ya ƙara raunana shi. Kafin wayewar garin 3 ga Disambar 1552 rai ya yi halinsa a cikin bukka, yana da shekara 46, wani saurayi ɗan Sin mai suna António yana riƙe masa kyandir. Mutum huɗu kacal suka halarci jana'izarsa. Labarin bai kai Roma da wuri ba, har a watan Yunin 1553 Ignatius ya rubuta masa wasiƙa yana umartarsa ya dawo Turai, bai san wata shida ke nan da binne shi ba.

Waɗanda suka binne shi sun zuba masa buhunan farar ƙasa mai ƙuna a cikin akwati, da nufin ta cinye naman da wuri a samu kwashe ƙasusuwan zuwa Indiya. A watan Fabrairun 1553, jirgi na shirin tashi, aka tono kabarin, sai aka tarar ƙasa ba ta ci shi ba. Wanda aka aika ya yanko ɗan nama daga ƙafarsa ya kai wa shugaban jirgin shaida. Wannan ne yanka na farko cikin masu yawa. Masu nazarin gawa a wannan zamani sun lura cewa irin wannan farar ƙasa takan busar da jiki ta jinkirta ruɓewa, saɓanin abin da mutanen dā suka ɗauka. Ga matuƙan Santa Cruz kuwa, abin da suka gani karama ce.

A watan Maris aka iso da shi Malaka, garin da ya wulaƙanta shi watanni kaɗan baya, jama'a suka fito da kyandirori. Annoba na ci a garin a lokacin, mutane suka ce zuwansa ne ya kawo sauƙinta. Duk da haka binnewar da aka yi masa a majami'ar kan tudu ta ganganci ce: ba akwati, ramin ya yi gajere har sai da aka tanƙwara wuyansa, aka kuma daddaɓe ƙasa a kansa, fuskarsa ta samu rauni. Bayan wata biyar wani abokin aikinsa, Juan de Beira, ya sa aka tono shi da dare, aka ajiye shi cikin akwati a hannun Diogo Pereira, a watan Disamba aka ɗora shi a jirgi. Ya isa Goa a watan Maris na 1554. Wakilin sarki da manyan gari suka tare shi a bakin ruwa, aka yi kwanaki ana tururuwa a kwalejin Saint Paul. A wannan cunkoso ne, kamar yadda ake ba da labari, wata mata 'yar Fotugal ta sunkuya kamar za ta sumbaci ƙafarsa, ta gatse ɗan yatsa guda ta tafi da shi a baki. Likitan wakilin sarki ya duba jikin, ya ba da shaida a rubuce cewa bai ga alamar an yi masa wani haɗi na hana ruɓewa ba.

Wanda bai tashi cikin Katolika ba zai yi mamakin wannan ɗabi'a, amma tsohuwa ce ƙwarai. Kiristocin farko sun riƙa yin sujada a kan kaburburan waɗanda aka kashe saboda addini, suna tattara ƙasusuwansu. Hujjarsu daga Littafi Mai Tsarki ta haɗa da labarin mamacin da ya tashi bayan gawarsa ta taɓa ƙasusuwan Annabi Elisha, da na ƙyallayen da suka taɓa jikin Manzo Bulus ana kai wa marasa lafiya. Babban taron Nicaea na biyu, a 787, ya wajabta sanya ragowar waliyyi a duk majami'ar da za a keɓe, shi ya sa aka daɗe ana binne ɗan guntun ƙashi a cikin bagade. Koyarwar cocin ita ce bauta ta Allah ce shi kaɗai, waliyyi girmamawa ake yi masa ana neman ya yi roƙo, jikinsa kuma ana darajta shi don shi ne mazaunin ruhun da ya tsarkaka, kuma za a tashe shi ranar ƙarshe. An kasa kayan tubarrakin gida uku: jikin kansa, abin da ya yi amfani da shi, da abin da aka goga a jikinsa. Dokar coci ta haramta sayar da su. A aikace dai an sha cakuɗa gaskiya da damfara, kuma a 1543, lokacin da Francis ke yawo a ƙauyukan Parava, John Calvin ya wallafa littafi sukutum yana yi wa al'adar ba'a. Taron Trent ya mayar da martani a 1563, ya tabbatar da ita, ya ce a kawar da camfi da neman kuɗi daga cikinta. Gawar Goa ta bayyana ne ana tsakiyar wannan rikici, kuma Roma ta san amfaninta.

A watan Nuwamban 1614, bisa umarnin shugaban Jesuit na duniya, Claudio Acquaviva, aka yanke hannun dama daga gwiwar hannu zuwa yatsu aka aika Roma. Yana nan har yau a majami'ar Gesù, cikin ma'ajiya ta musamman, yana fuskantar kabarin Ignatius. Bayan shekara biyar aka cire sauran hannun har kafaɗa aka rarraba wa gidajen Jesuit na gabas. Ƙashin damtse yana Macau. Daga baya aka kwashe kayan cikinsa aka raba su ƙanana-ƙanana zuwa ƙasashe. Abin lura ne cewa ɓarnar da masoya suka yi wa wannan jiki ta fi wadda kabari biyu da damunar Indiya suka yi masa. Ranar 12 ga Maris na 1622 Paparoma Gregory na 15 ya ayyana shi waliyyi, rana ɗaya da Ignatius, da Teresa ta Avila, da Philip Neri, da Isidore manomi. A 1927 Paparoma Pius na 11 ya sanya shi majiɓincin ayyukan mishan na duniya tare da Thérèse ta Lisieux. Dalilin da ya sa ke nan ake samun majami'u da makarantu masu sunansa a kusan duk inda mishan ɗin Katolika ya taka, har da Najeriya.

A Goa kuwa jikin ya koma majami'ar Bom Jesus, maƙeran fari na garin suka ƙera masa akwatin azurfa a wajen 1637, mai faifai 32 da ke nuna al'amuran rayuwarsa. Cosimo na Uku, mai mulkin Tuscany a Italiya, ya aiko da dakalin marmara da Giovanni Battista Foggini ya sassaƙa, aka kafa shi a 1698. An ce tukuici ne na matashin kan waliyyin da aka aika masa. Gawar ta shiga harkar mulki ma. A 1683 Sambhaji, sarkin Maratha, ya kewaye Goa, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wakilin sarki, Francisco de Távora, ya sa aka buɗe akwatin, ya ajiye sandar mulkinsa da takardar naɗinsa a wurin gawar, ya miƙa mata tsaron gari. Ba a jima ba rundunar Mughal ta ɓullo ta bayan Sambhaji, dole ya janye. Masana tarihi suna da bayaninsu na siyasa, mutanen Goa suna da nasu. Daga nan ya zama al'ada sabon gwamna ya je majami'ar ya karɓi sanda a gaban waliyyin kafin ya kama aiki.

Fito da jikin bainar jama'a ma daga zargi ya faro. Bayan Fotugal ta kori 'yan Jesuit daga yankunanta a 1759, jita-jita ta bazu cewa sun sace gawar sun bar wata a madadinta. A 1782 hukuma ta buɗe akwatin don kowa ya gani da idonsa. An sake yi a 1859, sannan a kai a kai, har aka daidaita a kan duk shekara goma daga 1964. A dā mutane kan sumbaci ƙafafun kai tsaye, wasu su tsinci abin da suka iya tsinta. Bayan bikin 1952 aka ga jikin ba zai jure ba, a 1955 aka rufe shi cikin gilashi. Hukumomin coci a Goa sun daina kiransa jikin da bai ruɓe ba, yanzu ragowar jiki mai tsarki suke cewa, kuma gaskiyar ke nan: abin da ke cikin gilashin ya ƙanƙance, ya yi duhu, fatar fuska ta zaizaye, yatsun ƙafa ba su cika ba. Wannan bai rage masu zuwa ba. Suna goga carbi da ƙyalle a gilashin, suna kawo siffar hannu ko ƙafa ko jariri da aka yi da kakin zuma, gwargwadon abin da suke roƙo ko suke godiya a kai. Mulkin Fotugal ya ƙare a Goa a Disambar 1961, amma ranar 3 ga Disamba tana nan a matsayin ranar hutu a jihar, gwamnati ce kuma ke ɗaukar nauyin tsaro da masaukin baƙi a lokacin bikin. Tsohon zargin bai mutu ba shi ma: gab da bikin 2024 wani jigo cikin masu kishin Hindu ya nemi a yi wa gawar gwajin ƙwayar halitta, maganar da ta jawo zanga-zanga a jihar.

Hannun da ke Roma ya ci gaba da yawo, yanzu a jirgin sama. An kai shi Japan a 1949, an zagaya da shi Ostareliya a 2012, da Kanada a farkon 2018. Ƙasar Sin da Francis ya mutu yana hange, wani ɗan Jesuit ne da aka haifa a shekarar rasuwarsa, Matteo Ricci, ya samu shiga, har ya kai birnin Beijing a 1601. A Shangchuan akwai 'yar majami'a a wurin kabarinsa na farko. A Malaka kuma ramin da aka tanƙwara shi a ciki yana nan a buɗe cikin kangon majami'ar Saint Paul, an rufe shi da ragar ƙarfe, masu yawon buɗe ido suna jefa kwabbai. A ƙofar kangon akwai mutum-mutuminsa na farin dutse da aka kafa don cikarsa shekara 400 da rasuwa. Ba shi da hannun dama. Mutanen garin sun ce wata bishiya ce ta faɗo masa jim kaɗan bayan an keɓe shi, ta karya hannun, ba a kuma gyara ba.